A Bar Kyamara Ta Bi Ruwan Tiga: Martani Ga Mai Cewa Tonon Asiri Ne

Wani marubuci da nake girmama alƙalaminsa ya fito da ƙorafi mai zafi a kan masu ɗaukar hoto da bidiyo da ke shiga yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Abin da ya tsaya a kai shi ne, mutanen nan ba su da aiki sai tonon asirin talaka: su ɗauki yaro tsundum cikin taɓo yana dashen shinkafa, su ɗauki tsohuwa cikin hayaƙi tana gumi, su ɗauki tumatir yana ruɓewa a Kwanar Gafan, su kai birni ko ƙasar waje su samu kuɗi da lambar yabo, wanda aka ɗauka kuwa ko sisin kwabo. A ganinsa wannan ya saɓa wa kunyar Bahaushe da suturar da addini ya yi umarni da ita, kuma yana ɓata sunan yankin da ke ciyar da Kano da Legas. Shawararsa ita ce hukuma ta hana kowa ɗaukar hoto a gonakin nan sai da takardar izini, a kuma riƙa nuna albarkar wurin maimakon wahalarsa. Malam ya taɓo ciwo na gaske, kuma zan faɗi inda nake tare da shi. Amma maganin da ya rubuta ofisoshi da 'yan kwangila da dillalai zai kare. Manomin da yake tausayi kuwa zai bar shi inda ya same shi, ya kuma ƙwace masa 'yar shaidar da ta rage a hannunsa.

Bari mu fara da sanin wane irin wuri ake magana a kai, domin tun daga nan rubutun Malam ya fara zamewa. Gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ba irin fadamar gado ba ce da mutum zai haƙa rijiyarsa ya kafa jigo ya shayar da lambunsa yadda ya ga dama. Aikin gwamnati ne tun daga tushe. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, da nufin ta riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga can ruwan ke gangarowa ta babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙananan hanyoyi har ya isa bakin gonar mutum. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, abin da aka iya shimfiɗawa bai wuce kimanin hekta 15,000 ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da makullin ruwan. A 2014 kuma Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya da bashin kusan dala miliyan 500 a ƙarƙashin shirin TRIMING don gyara manyan ayyukan noman rani na Arewa, ciki har da wannan. Bashi ne, kuma 'ya'yan manoman nan na cikin masu biyansa. Ke nan ranar da za a saki ruwa, da ranar da za a rufe, da wanda za a bai wa kwangilar yashe kanal, da ko ya yashe ko bai yashe ba, duk a ofis ake yanke su, manomi sai dai ya wayi gari ya ga sakamakon a gonarsa. Wurin da aka gina da kuɗin jama'a, ake gyara shi da bashin da ke wuyan jama'a, babu mai ikon ce wa jama'a su kawar da kai daga gare shi.

Duk wanda ya san yankin ya san manoman kanal guda ba su zama ɗaya ba. Na kusa da bakin ruwa yana sha har ya yi masa yawa. Na can wutsiya yana kwana a gona da tocila yana jiran ragowar da za ta iso shi, wani lokaci sai ya sayi fetur ya ja ruwa da inji daga magudanar da aka yi don fitar da ruwan da ya gama aiki. Abin da ke tsakaninsu sau da yawa kachalla ce da laka. Kachalla ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, saiwarta na sarƙewa a ƙarƙashin ruwa, idan aka sare ta aka bar saiwar sai ta dawo ta fi da. Inda ta kama kanal ruwa yakan koma tafiyar hawainiya, laka ta kwanta, gefen siminti ya tsage, ruwan ya zurare tun bai kai rabin hanya ba. Ita ce kuma masaukin tsuntsayen jan-baki da ke sauka kan shinkafa da alkama da zarar sun yi ido. Manomin wutsiya zai shekara yana faɗin wannan a gaban jami'i, ana ce masa za a duba. Amma bidiyon minti uku da aka ɗauka ana tafe a gefen kanal, daga inda ruwa ke gudu zuwa inda ya tsaya cik, da ƙofar ruwan da ta yi tsatsa har ba ta juyuwa, da ranar da aka ɗauka a rubuce, ba ya barin wurin musu. Gani ya kori ji. To a wannan hoto asirin wa aka tona? Ba a shiga ɗakin kowa ba, ba a buɗe tukunyar kowa ba. Abin da ya bayyana shi ne aikin da aka karɓi kuɗinsa ba a yi ba, ko kuma gayyar da ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yi sakaci da ita, tunda ƙananan hanyoyin a wuyan manoma suke. Kyamarar da ta bi ruwa ba ta da ɗan gida, kowa ta tarar da laifi za ta nuna.

Wannan ya kawo mu ga hujjar da ta fi kowace nauyi a rubutun Malam, wato sutura. Babu Musulmin da zai yi jayayya cewa an umarce mu da rufa wa juna asiri, kuma Bahaushe ya ɗauki rufin asiri da girman da shi yake fara roƙo kafin ya roƙi dukiya. Sai dai malaman da suka koya mana wannan ba su bar maganar a dunƙule ba. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihina da ake karantawa a zaurukan Kano, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin wani ya halatta, cikinsu akwai kai kukan zalunci ga mai ikon cire shi, da neman taimako wajen kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a a kan abin da zai cuce su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a Kitabul Farƙi, bai rufa wa sarakunan zamaninsa asiri ba. Ya jera harajin da suke ɗora wa talakawa, da gaisuwar da ake kai wa mahukunta, da abin da ake karɓewa a kasuwa, ɗaya bayan ɗaya. Sutura haƙƙin mutum ce a kan jikinsa da gidansa da zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Ofis ba shi da al'aura, kwangila ba ta da kunyar da za a kare mata. Duk ranar da aka ɗauko mayafin da aka yanka wa talaka aka lulluɓa wa ma'aikata, talakan ne zai kwana a buɗe.

Inda nake tare da Malam kuwa, ba da rabin baki nake tare da shi ba. Akwai masu kyamara da ke faɗawa ƙauye ba sallama ba gabatar da kai, su ɗauki abin da suke so su juya. Tarihin sana'ar ma ya san da wannan. A watan Maris na 1936 Dorothea Lange, wadda gwamnatin Amurka ta ɗauka aikin hoton manoman da fari da karayar tattalin arziki suka kora daga gonakinsu, ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadago a Nipomo ta jihar Kalifoniya, ta ɗauki wata uwa, 'ya'yanta biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Hoton ya fito a jarida, gwamnati ta aika da abinci sansanin, daga baya ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Amma Lange ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 duniya ta san cewa Florence Owens Thompson ce, ta kuma fito ta ce ba ta samu komai daga hoton ba, ta yi da-na-sanin tsayawa a ɗauke ta. Abincin da aka aika ma ya tarar ita da 'ya'yanta sun riga sun tashi. Ya kamata duk mai niyyar riƙe kyamara a bakin kanal ya san wannan labari tun kafin ya koyi saita haske. Sai dai a lura da inda laifin yake: rashin tambaya ne, da rashin bayani, da rashin komawa. Da an hana Lange shiga sansanin, da Thompson ta tsira daga abin da ya dame ta, sauran mutanen kuma su ci gaba da kwana da yunwa ba wanda ya sani. Abin da ya dace shi ne a tambaye ta, a gaya mata inda hoton zai je, a rubuta sunanta idan ta so, a kuma waiwaye ta idan hoton ya kawo wani alheri. Duk waɗannan ana yin su da kyamara a hannu.

Mu dawo kan matan gumi, tunda su Malam ya fi ambata. Shinkafar Kura da ake alfahari da ita, mafi yawanta ba ta isa buhu sai ta bi ta hannun mata. Su za su jiƙa shanshera, su turara ta a manyan tukwane ko rabin duro a kan wutar itace, su baza ta a rana, su riƙa juya ta har ta bushe daidai yadda injin casa ba zai karya ta ba. Aikin gwaninta ne, domin wadda ta kuskure wuta ko ta bar shinkafar ta wuce a rana, ita za ta ga karyayyen tsaba da faɗuwar farashi. Aiki ne kuma da ke cin ido da ƙirji saboda hayaƙi. Da yawansa a cikin gida ake yi, bayan katanga, inda baƙon namiji ba shi da hurumin shiga, da kyamara ko babu. Wannan iyaka ce, kuma a kiyaye ta. Amma daga nan zuwa cewa kada a nuna aikin sam akwai tazara mai nisa. Mace na iya ɗaukar 'yar'uwarta mace, da yardarta da sanin maigidanta. Ana iya nuna hannu da tukunya da hayaƙi, a ji murya, ba a ga fuska ba. Abin da ya fi komai, ana iya barin ta ta yi lissafi da bakinta: nawa ta sayi buhun shanshera, nawa itace, nawa ruwa, nawa mai inji ya karɓa, nawa dillali ya cire, nawa ya rage mata. Matar da ke wannan lissafi a gaban kyamara 'yar kasuwa ce da ke bayanin sana'arta, babu abin kunya tattare da ita. Matan yankin nan kuma ba yau suka fara magana da bakinsu ba. A 1978 wata mai bincike, Sam Jackson, ta buga maƙala a kan yajin aikin da mata 'yan ƙwadago suka yi a wata gonar kamfani da ke cikin wannan aiki na Kogin Kano, suna neman ƙarin lada. Maƙalar da Ingilishi take, a mujallar da ake bugawa a Ingila, da wuya jikokin matan su ci karo da ita. Da an ɗauki muryarsu da Hausa a lokacin, da yau yarinya a Kura tana da abin da za ta kalla ta san wace ce kakarta.

Wurin da ya fi wuya shi ne yara, kuma a nan ne ya wajaba mai kyamara ya fi kowa taka-tsantsan. Ruwan kanal da ke tafiya a hankali cikin ciyawa shi ne gidan ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi ko taya dashe, ƙwayar ta huda fata ta shige, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini. Cutar ta zama ruwan dare a yankunan noman rani, har a wasu wurare ana ɗauka alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali idan ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana rage jini, tana hana yaro mayar da hankali ga karatu. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel da ake rabawa kyauta a makarantu, amma yaron da ya sha ya koma ruwan nan zai sake ɗauka. Nuna fuskar yaro a haɗe da wannan cuta cin amana ne ko da ubansa ya yarda, domin hoton zai bi shi har ranar neman aurensa, intanet ba ta mantuwa. Amma fim ɗin da ya nuna dodon-koɗin a tafin hannu, ya nuna inda yara ke wanka da dalilin da ya sa nan suke zuwa, ya sa ma'aikacin lafiya ya yi bayani da Hausa, ya tambayi yaushe aka yi rabon magani na ƙarshe a makarantar garin, ya fi amfanar uwar da ke Gafan ko Imawa a kan shirun da Malam ke nema. Shirun ne ya sa har yau wani uba yake ganin jinin bai ɗauke shi cuta ba.

Malam ya kuma ce hotunan nan ba su taɓa gyara komai ba, mai ɗauka kawai suke gyara wa aljihu. Misalin da zai warware wannan a Kano yake. Tun a 2017 Majalisar Dattawa ta yi maganar cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, aka yi ta jimami, aka wuce. A ƙarshen Afrilu na 2018 sashen binciken BBC ya saki fim a kan yadda maganin ke fita ta bayan fage daga kamfanoni zuwa hannun matasa, kashegari Ministan Lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya sanar da haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Gwamnati ta ce dama tana kan shirin yin haka, to ko da gaske ne, fim ɗin ne ya sa ranar ta zo. Haka a Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 tun daga 2010. An yi alƙawarin kuɗin tsabtace garin Bagega a 2012, kuɗin suka maƙale, sai da hotunan yaran da bidiyon garin suka cika kafafen sadarwa, matasa irin su Hamzat Lawal suka matsa, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Ba na cewa kowane fim yana haifar da irin wannan. Mafi yawansu ana kallo ne a manta. Fim ɗin kodin ɗin ma ya nuna matasa ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali a Kano, abin da ya isa a yi muhawara a kai ko ya dace. Amma wanda ya ce hoto bai taɓa motsa hukuma ba, tarihin shekarun nan kaɗan ya ƙaryata shi.

Akwai kuma tambayar da Malam bai yi ba: me ke faruwa a inda babu kyamara? Aikin noman rani na Bakolori, kusa da Talata Mafara, tsaran namu ne. A watan Afrilu na 1980 manoman da aka karɓe wa gonaki, waɗanda suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka ƙone gidaje, aka kashe mutane. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Shekaru fiye da 40 ke nan maganar na nan a haka, domin ba a bar shaidar da za ta raba gardama ba. Rashin hoto bai suturta manoman Bakolori ba. Waɗanda suka ba da umarni ya suturta.

Maganar a riƙa nuna albarka kuwa, ai ba a taɓa fasawa ba. Tun zamanin Turawa motar majigi ke yawo ƙauyuka tana nuna wa manoma finafinai irin su Baban Larai, inda wanda ya bi shawarar malamin gona yake arziki. Daga nan har yau kyamarar hukuma ba ta taɓa barin gonakin nan ba. Duk lokacin ƙaddamar da noman alkama ko rabon taki za ka ga an jera buhuna da injinan ban-ruwa, manyan baƙi sun yi layi da manyan riguna, jirgi mara matuƙi yana shawagi yana ɗauko koren shinkafa har iya ganinka. A watan Janairu na 2022 an tara dalar buhunan shanshera a Abuja, aka ɗauki hotuna suka zaga duniya, farashin shinkafa a kasuwa bai sauka ba. Ban ce koren nan ƙarya ba ne. Gaskiya ne, kuma gumin manoman Kura da Bunkure ne, sun cancanci a nuna shi. Amma idan aka bi shawarar Malam, abin da zai faru shi ne kyamarar da ke nuna bikin ta zauna, wadda ke komawa bayan wata uku ta tambayi hannun wa takin ya shiga ita za a kora. Wannan ba kare mutuncin yanki ba ne, bar wa mai mulki filin ne shi kaɗai ya ba da labarin kansa.

Tsoron cewa hoton ruɓaɓɓen tumatir zai kori masu zuba jari ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Mai kuɗin da zai kafa masana'anta ba daga Facebook yake samun labari ba, yana da masu yi masa lissafi. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka gina ta sarrafa tan 1,200 a kullum, ta fara aiki a 2016, ba da jimawa ba ta tsaya. Tsutsar da manoma ke kira sharon ce ta cinye gonaki a shekarar, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, sannan ga saɓanin farashi tsakanin kamfani da manoma, waɗanda kan kai kayansu kasuwa idan ta fi tsoka. Babu mai ɗaukar hoton da ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan. A ɗaya gefen kuma, idan kaka ta yi tsakanin Fabrairu da Afrilu, kwando kan faɗi har ya kasa biyan kuɗin tsinka da mota, a ɗora kwando kan kwando a tirela zuwa Legas, na ƙasa ya matse tun kafin a kai Lokoja, wanda bai samu shiga ba a yanka shi a baza a ƙasa ya zama kauɗa, ƙura da yashi suna sauka a kai. Ƙiyasin da masana suka saba kawowa shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatir ɗin ƙasar nan yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Manomi ya san wannan, dillali ya sani, direba ya sani. Wanda bai sani ba shi ne mai saye a birni da ke zagin manomi idan kaya ya yi tsada a damina, da ɗan majalisar da zai sa hannu a kasafin kuɗi. Su fim ɗin ke nema, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Saura abu guda da Malam ya faɗa wanda gaskiya ne tsantsa: hoto ma yana ƙarya. Wanda ya zaɓi inda zai tsaya, da abin da zai yanke wajen tacewa, da kiɗan da zai sa a ƙasa, yana iya mayar da garin da ke cike da injinan casa da shaguna da makarantu ya koma kamar sansanin gudun hijira. Maganin wannan shi ne kyamarori su yawaita, su kuma koma hannun 'yan gida. Fati Abubakar ta nuna hanyar a Maiduguri. Lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da baraguzai, ta fara ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki tana sakawa a shafinta na Bits of Borno, ba ta kuma ɓoye 'yan gudun hijira da marayu ba. Ba ta nemi a hana baƙi ɗauka ba, ta ɗauki nata. Yau babu ƙauyen da ke kan kanal ɗin nan da babu saurayi ko budurwa mai wayar da ke ɗaukar bidiyo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ma'aunin da zan ba Malam ya gwada kowane fim da shi kuwa mai sauƙi ne: shin wanda ya ɗauka zai iya dawowa ya kafa allo a ƙofar gidan dagaci bayan sallar isha'i, ya nuna shi da Hausa a gaban waɗanda ke ciki, ya tsaya ya amsa tambayoyinsu? Wanda zai iya, a bar shi ya yi aikinsa. Wanda ba zai iya ba, ƙorafin Malam ya hau kansa daidai.

Takardar izinin da Malam ke nema ita ce mafi haɗari a duk shawarwarinsa, domin sai an tambayi wa zai ba da ita. Idan hukumar ruwa ce, an sa wanda ake tuhuma ya zaɓi mai ba da shaida. Idan ƙaramar hukuma ce, duk fim ɗin da zai taɓa rabon taki ya mutu tun a teburin sakatare. Mun ga yadda irin wannan iko ke aiki a watan Agusta na 2022, lokacin da Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda fim ɗinta a kan 'yan bindiga. Babban gidan talabijin ke nan mai lauyoyi. Ina ga yaron Bunkure da ya ɗauki fasasshen kanal da wayarsa? Baƙon da ya zo da takardar ƙungiyar ƙasa da ƙasa zai samu izini cikin kwana biyu, ɗan gida ne za a tsare a ofishin 'yan sanda. Izinin da ya wajaba a nema na wanda za a ɗauka ne, shi da bakinsa, bayan an gaya masa gaskiyar inda hoton zai je, kuma yana da ikon cewa a'a ko ya ce a goge.

Don haka, Malam, ina roƙonka ka janye kiran a hana, ka riƙe fushinka ka juya shi inda zai yi amfani. Ka sa alƙalaminka a kan mai ɗaukar yaro ba sanin iyayensa, da mai shiga gida ba sallama, da mai tara kuɗi da fuskar matar da bai san sunanta ba, za ka same ni a bayanka. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kura da Bunkure da Garun Malam kuma, ku zaɓi matasa biyu ko uku a kowane yanki, maza da mata, su riƙa ɗaukar halin da kanal ɗinku yake ciki a farkon rani da ƙarshensa, da kwanan wata, ku ajiye, ku tafi da shi duk taron da aka kira ku. Malaman sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero su turo ɗalibansu su koya musu, tafiyar ba ta kai awa guda daga Kano ba.